The Girl on the Train: giya, cin amana da shaidar da ba a yarda da ita ba

A watan Janairun 2015 aka buga wani ƙagaggen labari a Birtaniya da Amurka mai suna The Girl on the Train, wato yarinyar da ke cikin jirgin ƙasa, wanda wata tsohuwar 'yar jarida, Paula Hawkins, ta rubuta.

Littafin ya shafe makonni 13 a jere yana kan gaba a jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times, a Birtaniya kuma ya yi makonni 20 a saman jerin littattafai masu kaurin bango. An sayar da fiye da kofe miliyan 20, an kuma fassara shi zuwa harsuna sama da 40.

Yana cikin rukunin labaran ɗaga hankali waɗanda fagen famarsu zuciyar ɗan Adam ce. A irin waɗannan labarai ba a cika ganin harbe-harbe ko tseren motoci ba. Abin tsoron yana cikin gida, tambayar da ke damun mai karatu kuma ita ce: maganar wa zan yarda da ita?

Wannan bayani ya fayyace yadda labarin ya ƙare, don ba zai yiwu a tattauna batun adalcin da ke cikinsa ba tare da an faɗi wanda ya yi kisan ba.

Marubuciyar

An haifi Paula Hawkins a shekarar 1972 a birnin Salisbury na ƙasar Rodeshiya, wanda yanzu shi ne Harare, babban birnin Zimbabuwe. Mahaifinta malamin tattalin arziki ne a jami'a. Ta koma Landan a 1989, ta yi karatu a jami'ar Oxford, sannan ta yi aiki da jaridar The Times tana rubutu kan harkokin kuɗi.

Kafin wannan littafi ta fitar da labaran soyayya huɗu da sunan aro, Amy Silver, amma ba su yi kasuwa ba. Ta sha faɗa cewa tana cikin matsin kuɗi lokacin da ta zauna rubuta The Girl on the Train, har sai da ta ci bashi a wurin mahaifinta.

Abin da ya faru a labarin

Rachel Watson mace ce mai shekara 30 da 'yan kai, aurenta ya mutu, an kore ta daga aiki saboda shaye-shaye. Tana zaune haya a ɗakin wata tsohuwar ƙawarta, Cathy, a wajen Landan. Kunya ta hana ta faɗa wa Cathy cewa ta rasa aikin, saboda haka kullum da safe sai ta shirya ta hau jirgin ƙarfe 8:04 zuwa tashar Euston, ta yi ta gararamba a gari, da yamma ta dawo da gwangwanin giya a hannu.

Akwai wata danja da jirgin kan tsaya a kai, daidai bayan wasu gidaje da ke kan titin Blenheim. Gida mai lamba 23 shi ne inda ta yi zaman aure. Tsohon mijinta, Tom, yana ciki har yanzu tare da Anna, matar da ya fara nema tun Rachel na ɗakinta, da kuma jaririyar da suka haifa.

Rachel ba ta iya jure kallon wannan gida, sai ta mayar da idonta kan mai lamba 15. Mata da mijin da ke ciki ba ta san su ba, amma ta raɗa musu suna, ta ƙaga musu rayuwa irin wadda ta so a ce ita ta samu. Sunayensu na gaskiya Megan da Scott Hipwell.

Wata Juma'a ta hango Megan tana sumbatar wani namiji da ba mijinta ba. Washegari, Asabar 13 ga Yulin 2013, Megan ta ɓace. A safiyar Lahadi Rachel ta farka da rauni a kanta da jini a hannunta. Ta san ta je unguwar a daren, ta san wani abu ya faru a wata hanya da ta bi ta ƙarƙashin layin dogo, amma ba ta iya tuna ko mene ne.

Mata uku ne ke ba da labarin da bakinsu, ana karɓa-karɓa: Rachel, da Anna, da kuma Megan, wadda nata ɓangaren ya faro tun shekara guda kafin ɓacewarta. Babu wadda ta san abin da sauran suka sani, babu kuma wadda ke faɗin gaskiya gaba ɗaya.

Giya da giɓin tunani

Marubutan Turai da Amurka sun daɗe suna rubutu kan mashaya. Littafin The Lost Weekend na Charles Jackson, wanda ya fito a 1944, ya bi wani mashayi ne na 'yan kwanaki, fim ɗin da aka yi da shi kuma ya ci kyautar Oscar. A labaran bincike ma, jami'in da ke da kwalba a aljihun teburinsa tsohon hali ne, sai dai galibi giyar ba ta hana shi gano mai laifi.

Hawkins ta ɗauki wata hanya. Ta sa giyar ta zama ita ce katangar da ke tsakanin Rachel da gaskiya. Da Rachel ba ta sha a daren ba, da labarin ya ƙare a babi na biyar.

Littafin ya nuna yadda jarabar ta soma. Rachel ta kasa samun ciki, an gwada haɗa ƙwan haihuwa a asibiti sau ɗaya bai yi ba, baƙin ciki ya kama ta, ta fara sha don ta yi barci, daga nan abin ya fi ƙarfinta. Marubuciyar ba ta yi wa wannan hali kwalliya ba. Akwai amai a kan matakala, akwai ƙaryar da ake yi wa masu tausayi, akwai kiran wayar tsakar dare ga tsohon miji, akwai alkawarin dainawa da ake karyawa kafin faɗuwar rana. Akwai ma ranar da ta shiga gidan Tom ta ɗauki jaririyar Anna ta fita da ita bayan gida. Mai karatu yana tausaya mata, amma sau da dama yana jin haushinta, kuma da gangan aka yi hakan.

Abin da ke samun ta da daddare kuwa, likitoci sun san shi. Idan giya ta hau jini da sauri, takan hana wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas yin aikinsa, wato adana sababbin abubuwan da suka faru. Mutum yana tafiya, yana magana, yana iya biyan kuɗin mota ko yin faɗa, amma babu abin da ake rubutawa a allon. Wannan ya bambanta da suma, domin na kusa da shi ba lallai su gane komai ba.

A 1969 wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Donald Goodwin, da abokan aikinsa sun yi hira da mashaya 100 da ke kwance a asibiti, 64 daga cikinsu suka ce sun taɓa shiga wannan hali. Binciken ya rarrabe iri biyu. A na farko, sa'o'i ne ke ɓacewa ɗungurungum, kuma ba sa dawowa ko da an tuna wa mutum, tun da ba a adana su ba tun farko. A na biyu, gutsattsari ne ke saura, wata magana ko wani wuri na iya farkar da su.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga labarin. Rachel ta koma unguwar sau da yawa, ta tsaya a bakin hanyar nan ta ƙarƙashin layin dogo, ta yi magana da wani jan-gashi da suka hau jirgi tare a daren, a hankali hotuna suka riƙa dawo mata. Hakan ya dace da iri na biyu ne kaɗai. Gaskiyar magana, marubuciyar ta ɗan yi wa kanta sauƙi a nan, don tunanin Rachel yana dawowa ne daidai lokacin da labarin ke buƙatarsa.

Matsalar dai ba ta ƙagaggun mutane ba ce kawai. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, kuma kimanin mutum miliyan 400 ne ke fama da matsalolin da suka danganci shanta, miliyan 209 daga cikinsu sun kai matakin da ba sa iya rabuwa da ita.

Cin amana

Kusan kowa a littafin ya ci amanar wani. Tom ya ci amanar Rachel da Anna. Anna ta yi alfahari da ƙwace mijin wata, har ta furta wa kanta cewa ta fi jin daɗin zamanin da take farka a kan zaman aure. Megan ta ci amanar Scott, shi kuma Scott yana leƙa wasiƙunta na intanet a ɓoye, yana kuma da saurin hannu. Rachel ta yi wa Scott ƙarya cewa ita ƙawar Megan ce don kawai ta samu shiga gidan. Likitan da Megan ke zuwa wurinsa neman shawara, Kamal Abdic, ya ƙetare iyakar da aikinsa ya gindaya masa.

Ita Megan ma an taɓa yasar da ita. Tana 'yar shekara goma sha wani abu yayanta ya mutu a haɗarin babur, ta gudu daga gida, ta haihu a ɓoye, barci ya kwashe ta a cikin bahon wanka jaririyar ta nutse. Saurayin da suke tare ya taya ta binne gawar, sannan ya fita bai sake dawowa ba. Wannan sirri ne take ɗauke da shi lokacin da ta karɓi aikin rainon 'yar Tom da Anna.

Da a nan aka tsaya, da littafin bai wuce labaran kishi da aka saba ba. Abin da ya bambanta shi wani nau'in cin amana ne da ba a bayyana ba sai kusa da ƙarshe.

Duk tsawon aurensu, idan Rachel ta farka ba ta tuna daren jiya ba, Tom ne ke cike mata giɓin. Ya ce mata ta kai masa duka da sandar wasan golf har ta fasa bango. Ya ce mata ta zagi matar abokin aikinsa a wurin liyafa ta kunyata shi. Ta yarda, ta ba da haƙuri, ta ɗauki kanta a matsayin muguwar mace da wani bawan Allah ya yi ta haƙuri da ita har ya gaji.

Amma akwai abin da ya riƙa damun ta. Idan ta tuna ranar sandar nan, abin da ke zuwa mata a rai tsoro ne, ba fushi ba. Idan ta tuna liyafar, fuskar matar da ke zuwa mata fuskar mai fara'a ce. Sai daga baya ta gane cewa Tom ne ya ɗaga sandar, ita kuwa tana zaune a ƙasa. Shi ne kuma ya buge ta a hanyar ƙarƙashin layin dogo a daren Asabar, kafin ya ɗauki Megan a motarsa.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Tom, wanda tun farkon littafin ya fi kowa nuna haƙuri da sanyin hali, shi ne ke neman Megan, shi ne uban cikin da aka samu a jikinta, shi ne kuma ya kashe ta da dutse a daji bayan ta ƙi zubar da cikin. Hatta labarin da yake bayarwa na zamansa soja ƙarya ne.

Wannan dabara ta sa mutum ya daina yarda da hankalinsa tana da tarihi a adabin Ingilishi. A 1938 Patrick Hamilton ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna Gas Light, inda wani miji ke ɓoye kaya yana cewa matarsa ce ta ɓatar, hasken fitilun gidan na raguwa yana cewa idonta ne, don ya tabbatar mata ta haukace. Ingrid Bergman ta ci kyautar Oscar da fim ɗin da aka yi da shi a 1944. Daga sunan wasan ne Turawa suka samo kalmar gaslighting, wadda ƙamus ɗin Merriam-Webster ya zaɓa a matsayin kalmar shekara a 2022.

Bambancin shi ne Tom bai sha wahalar ɓoye komai ba. Giya ta share masa allon, aikinsa kawai ya rubuta abin da yake so. Ba shi ya fara ɗora wa Rachel kwalba ba, kuma littafin bai ɗauke mata alhakin shanta ba. Sai dai ya nuna cewa akwai wanda ke cin ribar ciwon nata, wanda kuma ba shi da wani dalili na son ta warke.

Shaidar da ba ta da daraja

Rachel ce kaɗai ta ga mutumin da Megan ta sumbata, ita ce kuma kaɗai ta ga motar da Megan ta shiga. Amma da ta je wurin 'yan sanda, jami'an da ke binciken, Gaskill da Riley, ba su daɗe ba suka gano cewa ta yi musu ƙarya game da aikinta, cewa Anna ta sha kai ƙararta, cewa har yanzu tana amfani da sunan tsohon mijinta. Suka rubuta ta a matsayin shaidar da ba abin dogaro ba ce.

Da wuya a ce sun yi kuskure bisa abin da ke gabansu. Tambayar ko za a karɓi maganar mashayi tsohuwa ce. Malaman fiƙihu sun sa adalcin mai shaida cikin sharuɗɗan karɓar shaidarsa, kuma wanda ya shahara da shan giya ya rasa wannan sharaɗi. Dokar Ingila ba ta hana mashayi tsayawa a gaban kotu ba, amma lauyan da ya san aikinsa zai wargaza maganarsa cikin minti kaɗan. Ko ta wace hanya aka bi, sakamakon ɗaya ne ga Rachel: ta ga gaskiya, amma ta zubar da mutuncin da za ta ɗauko ta da shi.

Ga kuma wani abin da ya fi wannan ɗaci. Abu ɗaya da 'yan sanda suka ɗauka daga bakinta, wato batun sumbar, shi ne ya jefa marar laifi cikin masifa. An kama Kamal Abdic, jaridu suka yi ca a kansa. A labarin, shi Musulmi ne ɗan Bosniya da ya shiga Birtaniya yana yaro a matsayin ɗan gudun hijira, bayan an kashe mahaifinsa da 'yan uwansa a Srebrenica. Kafin a sake shi saboda rashin hujja, an riga an yanke masa hukunci a shafukan farko. Da aka gama da shi aka koma kan Scott. Da sirrin jaririyar Megan ya fito, jaridun da suka yi ta yabon kyanta suka juya suna kiranta mai kisan yara, alhali gawarta ba ta daɗe da fitowa daga ƙasa ba.

Masu karatu a Birtaniya sun san irin wannan a zahiri. A Disambar 2010 an kashe wata matashiya, Joanna Yeates, a birnin Bristol. 'Yan sanda suka kama mai gidan da take haya, Christopher Jefferies, wani malamin makaranta mai ritaya, jaridu suka yi kwanaki suna siffanta shi da baƙin mutum saboda gashinsa da yanayin maganarsa. Ba shi da hannu ko kaɗan. A 2011 jaridu takwas suka biya shi diyya, kotu kuma ta samu wani maƙwabci, Vincent Tabak, da laifin kisan.

Wane irin adalci?

'Yan sanda ba su taɓa zargin Tom ba. Anna ce ta tsinci wayar Megan a jakar motsa jikinsa, Rachel kuma ta haɗa gutsattsarin tunaninta ta je ta gargaɗe ta. Tom ya same su tare, ya amsa laifinsa yana ɗora wa kowa alhaki ban da kansa, sannan ya yi yunƙurin kashe Rachel. Ta caka masa ƙarfen nan mai murɗe da ake zare toshiyar kwalbar giya da shi a wuya.

Ba a rasa masu cewa zaɓen wannan makami ya yi yawa ba, kamar marubuciyar na nuna wa mai karatu da yatsa. Abin da ya biyo baya ne ya fi nauyi. Anna ta fito ta durƙusa kusa da mijinta, Rachel ta zaci taimakonsa za ta yi, sai ta ga tana ƙara murɗa ƙarfen ciki. Da 'yan sanda suka zo, matan biyu suka ba da magana ɗaya: Rachel ta kare kanta ne, Anna kuma ta yi iya ƙoƙarinta ta ceci ransa.

A dokar Ingila mutum na da ikon kare kansa da ƙarfin da ya dace da barazanar da ke gabansa, kuma abin da Rachel ta yi zai iya shiga ƙarƙashin wannan. Abin da Anna ta yi ba zai shiga ba, domin mutumin ya riga ya faɗi. Saboda haka ƙarshen labarin ya tsaya ne a kan ƙarya. Rachel, wadda ta faɗi gaskiya aka ƙi saurarenta, an yarda da ita a karon farko a ranar da ta ɓoye rabin abin da ta gani, kuma an yarda ne saboda Anna, matar aure mai 'ya da ba ta da tabo a idon hukuma, ta mara mata baya.

Ba abota ce ta haɗa su ba. Ba su taɓa zama kishiyoyi a gida ɗaya ba, amma ƙiyayyar da ke tsakaninsu ta kishiyoyi ce, kuma littafin bai ce ta gushe ba. Kowace tana riƙe da abin da zai iya kai ɗayar kurkuku. Scott bai samu ganin an gurfanar da wanda ya kashe matarsa ba. Kamal ba wanda ya ba shi haƙuri. Rachel ta bar Landan tana ƙirga kwanakin da ta yi ba ta sha ba, kuma kwanakin ba su da yawa.

A shekarar da littafin ya fito ne dokar Ingila da Wales ta fara kallon irin halin Tom a matsayin laifi mai zaman kansa. Sashe na 76 na dokar manyan laifuka ta 2015, wanda ya fara aiki a ranar 29 ga Disamba na shekarar, ya haramta juya abokin zama ta hanyar tursasawa da danniya ko da ba a taɓa jikinsa ba, hukuncin kuma na iya kai wa ɗaurin shekara biyar. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin kisan kai da aka yanke wa Sally Challen, wadda ta kashe mijinta da guduma a 2010, bayan lauyoyinta sun gabatar da sababbin hujjoji kan lafiyar ƙwaƙwalwarta da kuma danniyar da ta sha shekara da shekaru. An karɓi amsa laifinta na abin da bai kai kisan kai da gangan ba, aka sake ta saboda zaman da ta riga ta yi.

Matsayinsa a adabi

Mai ba da labarin da ba a iya dogara da shi ba sabon abu ba ne. Agatha Christie ta girgiza masu karatu da shi a The Murder of Roger Ackroyd tun 1926, a 1957 kuma ta rubuta 4.50 from Paddington, inda wata dattijuwa ta hango kisa ta tagar jirgi aka ƙi yarda da ita. Fim ɗin Alfred Hitchcock na 1954, Rear Window, shi ma kan mai leƙen maƙwabta ne. Littafin da aka fi kwatanta na Hawkins da shi dai shi ne Gone Girl na Gillian Flynn, wanda ya fito a 2012. Amma matar da ke cikin Gone Girl tana yaudarar mai karatu ne da sane, Rachel kuwa ita kanta ba ta san abin da ta sani ba.

Masu sharhi sun yi ƙorafi kan wasu abubuwa. Muryoyin matan uku sun yi kama da juna. Mazan da za a iya zargi ba su wuce uku ko huɗu ba, don haka mai karatu da ya saba da irin waɗannan littattafai zai iya gano Tom tun da sauran tafiya. Wasu kuma sun tambayi dalilin kiran mace mai shekara sama da 30 yarinya.

Nasarar littafin ta jawo ambaliyar makamantansa, irin su The Woman in the Window na 2018, inda wata mace mai shan giya da ƙwayoyi ke leƙen gidan da ke kallon nata. Abin ya yi yawa har a 2022 Netflix ta fitar da wani shiri na barkwanci da ke shaguɓe ga salon baki ɗaya. Ita Hawkins ta ci gaba da Into the Water a 2017, da A Slow Fire Burning a 2021, da The Blue Hour a 2024.

A majigi

Fim ɗin Amurka ya fito a Oktoban 2016, Tate Taylor ne ya ba da umarni, Emily Blunt kuma ta fito a matsayin Rachel. An ɗauke labarin daga Landan aka kai shi New York da garuruwan da ke bakin kogin Hudson. An kashe kimanin dala miliyan 45, ya kuma samo kusan dala miliyan 173. Masu sharhi ba su yaba fim ɗin sosai ba, amma sun yaba Blunt, har aka sa sunanta cikin masu takarar kyautar Bafta.

Fim ɗin ya gajarce hanyar da Rachel ta bi ta gano gaskiya. Maimakon ta yi ta kokawa da gutsattsarin tunaninta, sai ta haɗu da matar tsohon shugaban Tom a cikin jirgi, ta je ba ta haƙuri kan abin da ta yi a liyafa, matar ta ce mata ai ba ta yi komai ba, barci kawai ta yi, Tom kuma an kore shi ne saboda neman matan ofis.

Masu sha'awar finafinan Indiya kuwa za su fi sanin wanda Ribhu Dasgupta ya shirya da harshen Hindi, wanda Netflix ta saki a Fabrairun 2021. Parineeti Chopra ce ta ja ragamarsa a matsayin Mira Kapoor, tare da Aditi Rao Hydari da Kirti Kulhari, an kuma mayar da labarin Landan. A nan jarumar lauya ce, cikinta ya zube ne a haɗarin mota, daga nan ta faɗa shaye-shaye. Mijin yana nan da ha'incinsa da ƙaryarsa, amma an sauya ƙarshen: wadda ta yi kisan jami'ar 'yan sanda ce mai neman fansa kan wata tsohuwar shari'a da Mira ta ci. Sauyin ya ba wa waɗanda suka karanta littafin mamaki, sai dai ya fitar da mai laifin daga cikin ɗakin aure ya kai shi waje, inda Hawkins ta ƙi ajiye shi.